Ranar da Imel Ya Tona Asirin Turancina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da Litinin ɗin da kwamfutar ofis ta kwance mini zani a gaban mai kamfaninmu.

Sakatariya ce ni a wani ƙaramin kamfanin haɗa sola a nan Suleja. A ofishin an san ni da abu guda: Turanci. Duk wasiƙar da za ta tafi Abuja sai ta bi ta hannuna. Har Hajara akantar kamfanin, mai digiri biyu, tebur ɗina take kawo rubutunta. Ni kuwa in gyara zaman gilashi in ce, "Ajiye, zan duba." (Gilashin ma ba na magani ba ne.)

Ran nan wani otal a Abuja ya nemi mu tura bayanin aiki kafin a tashi, in ba haka ba su ba wasu. Alhaji, mai kamfanin, ya daɗe yana bin aikin nan. Na danna manhajar imel, ta buɗe, ta yi fari fat, ta rufe kanta. Na sake, haka. Na kashe kwamfutar na kunna, na zare waya na mayar, har bayanta na bubbuga kamar tsohuwar rediyo. Shiru.

Sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Tun bara nake cewa a canza wannan akwalar! Ba a sayen kayan kirki, sai an shiga uku a ce sakatariya ce."

Alhaji ya fito, ya tsaya a kaina, ya sa aka kira Bitrus, injiniyanmu ɗan Garam, wanda shi ke kula da kwamfutocin. Hajara ma ta taso, wai ta zo jaje.

Bitrus ya danne wani maɓalli ya buɗe manhajar tsurarta, ba tare da ƙananan manhajojin da ake liƙa mata ba. Ta buɗe lafiya lau, ta zauna daram.

Ya ce, "Oga, kwamfuta ba ta da laifi. Wani abu aka liƙa wa imel ɗin, shi ke kayar da shi."

Ni kuwa na san abin da na liƙa.

Ya shiga kashe su ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa. Na kalanda, ba shi ba ne. Na riga-kafin cutar kwamfuta, ba shi ba ne. Ya rage saura guda. Bawan Allahn nan, maimakon ya kashe shi shiru, sai ya karanta sunan da ƙarfi, ya kuma fassara wa Alhaji: "Wannan mai gyara Turanci ne. Ka rubuta yadda ka ga dama, shi zai mayar da shi na Ingila. Na kyauta ne, ya tsufa, shi ya sa suke faɗa da imel ɗin."

Hajara ta ce, "Ikon Allah! Ashe shi nake kawo wa takarduna?"

Na so in ce ban san yadda aka yi ya shiga ba. Amma na ga idanu shida a kaina, sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Ni na sa. To sai me? Ke da kanki kike lissafi, ko kalkuleta ke miki?"

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce, "Malama, lokaci na tafiya. Rubuta da naki Turancin."

Jama'a, ban taɓa sanin layi biyar na da tsawo haka ba. Na rubuta kalmar batir da Turanci, na goge, na sake, ban san ko "t" ɗaya ba ce ko biyu. Gumi har cikin ɗankwali. Hajara ta miƙo yatsa za ta nuna, na ce, "Hajiya, matsa, ba ki aka sa ba." Na gama, na tura, ban sake karantawa ba.

Can da yamma manajan otal ɗin ya kira Alhaji. Ashe Bazazzagi ne, da Hausa ma suka yi magana. Ya ce mu zo a fara aiki. Ko kalma bai ce a kan Turancina ba.

Washegari na sa Bitrus ya saka mini sabon mai gyaran, wanda ya dace da imel ɗin, a gaban kowa, ƙofa a buɗe. Ban ba kowa haƙuri ba, ba kuma zan bayar ba.

Darasi ɗaya dai na ɗauka: in na'ura ta lalace a hannunka, ka fara tuna abin da ka cusa mata, kafin ka ɗaga murya ka tara wa kanka 'yan kallo.