Hoton Oga a Allon Maraba

Wani ne aka ɗauka aikin gwaji a wani kamfani, mai rubuta manhaja. Oga ya ce ya haɗa masa wadda za ta riƙa nuna hotonsa a babban allon ƙofar shiga. In ta yi kyau, aiki ya tabbata. In ba ta yi ba, ya kama gabansa.

Hoton Oga bai iso ba tukuna, sai gogan naka ya samo hoton wani jaki mai washe haƙora, ya sa wa fayil ɗin suna "oga", don gwaji kawai. Ya kunna manhaja. Ta ce ba ta ga oga ba.

"Ke makauniya ce? Ga shi nan ina kallonsa!"

Ya sake kunnawa. Ba ta gani ba. Ya kashe kwamfuta, ya hura mata iska, ya kunna. Shiru.

Wata babbar ma'aikaciya da ke teburin gefe ta leƙo. "Ƙanena, ita fa a foldar da ka kunna ta daga ciki take dubawa, ba inda ka ajiye hoton ba. Rubuta mata cikakken adireshinsa ka huta."

"Haba Yaya, ni zan yi wa na'ura kwatance? Bari ki ga aiki."

Sai ya bi foldodin kwamfutar nan kaf, yana zuba jaki. Har foldar waƙoƙi sai da ta samu nata. Ya kunna daga nan, jaki. Ya kunna daga can, jaki. Ya miƙe yana taku kamar ya gina gada.

Da hoton gaske ya iso, Oga cikin kwat yana murmushi, sai ya canza a folda ɗaya tak. Sauran kuwa ya manta da su sam.

Ranar nuni, Oga ya zo da manyan baƙi, har da matarsa. Gogan naka ya kunna manhaja daga foldar da ya fara gani. Allo ya haska: "Barka da zuwa. Ga shugabanmu." A ƙasa, kunnuwa biyu zaƙo-zaƙo da haƙora a waje.

Matar Oga ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na girgiza.

Oga ya daka tsawa: "Kai! Mene ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, ai ci gaba aka samu. A da cewa take ba ta gan ka ba."