Shafin da Ya Ƙi Amsa Gaisuwar Alhaji

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na baje kwamfutata a zauren Babanmu ba, gaban manyan 'yan kasuwar atamfa na Garwa ta ƙasar Kamaru, ina jin kaina kamar ni na ƙirƙiro intanet.

Wata uku ke nan ina koyon haɗa shafin intanet a wata 'yar cibiya da ke unguwar Jambutu. Mun daɗe muna yin shafukan da ba sa motsi, sai malaminmu, Misye Pol, ya fara mana JavaScript, wato abin da ke sa shafi ya tambayi mutum ya kuma ba shi amsa. Ranar da na sa akwatin tambaya ya faɗo kan allo, har guɗa na yi a aji.

Baba kuwa ya riga ya yanke hukunci: in na haɗa wa shagonsa shafin da zai iya nuna wa abokansa, zan ci gaba da karatun, in ba haka ba in koma aunin yadi a shago.

Na duba shafukan mutane, na ga duk ba su da tarbiyya. Ka shiga, ba sallama, ba gaisuwa, sai farashi a fuskarka. Na ce nawa ba zai yi wannan rashin kunyar ba. Na jera gaisuwa bakwai, na ɗaure kowacce da umarnin da ke cewa a yi ta maimaita tambaya har sai an ba da amsar da na rubuta. Misye Pol ya leƙa ya ce, "Madmazel, ba a tsare baƙo a bakin ƙofa." Na ce, "Misye, a gidanmu ana tsarewa." (Har yau ina nan a kan bakata, ku dai saurara.)

Na gwada shi ya fi a ƙirga, kullum yana tafiya sumul. Ni ce mai tambaya, ni ce mai amsa, ta ina zai ƙi?

Bayan la'asar aka hallara. Baba ya miƙa kwamfutar ga shugaban 'yan kasuwar, Alhaji Hamadu, dattijon Bafulatani mai fara'a. Akwati ya faɗo: "Ina wuni?" Alhaji ya yi murmushi, ya gyara tabarau, ya lalubi haruffa da yatsa ɗaya ya rubuta "jam", yadda rabin garin nan ke amsawa da Fulatanci.

"Ina wuni?" in ji shafin.

Ya rubuta "jam tan". Ina wuni? Wani da ya zo daga Kuseri ya karɓa ya sa "alhamdulillahi". Ina wuni? Wani ya gwada "sa va" na Faransanci. Aka danna wurin sokewa, akwatin ya dawo kamar ƙuda. Ni dai "lafiya lau" kaɗai na koya masa, don ita nake amsawa, ban taɓa kawowa a raina cewa a Garwa nake zaune ba.

Alhaji Hamadu ya cire tabarau ya dubi Baba. "Alhaji Garba, shekara talatin kana amsa jam ɗina. Yau abin 'yarka ya ce bai san ni ba?"

Zaure ya kece da dariya, ban da Baba. Kunya ta rufe ni, amma bakina bai mutu ba. Na durƙusa na ce, "Baffa, ai ladabi ne ya yi masa yawa." Na jawo kwamfutar na rubuta "lafiya lau".

"Ina gajiya?"

Na amsa. Ina aiki? Yaya iyali? Dattawa suka shiga ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya na cewa, "A tambaye shi ko ya san kakanmu!" Muna kan ta shida aka kira magariba. Suka miƙe suna neman takalma, ba wanda ya ga ko turmin atamfa ɗaya.

Na riga na ga kaina da almakashi a shago. Da Baba ya dawo daga masallaci, ya tsaya a kaina ya ce, "Gobe ki koma wurin malamin nan. Wanda ya fara koya miki wannan abu, shi zai ƙarasa, kafin ki raba ni da mutane."

Haka na samu ci gaba da karatuna, ta ƙofar da ban so ba. Gaisuwar kuwa ban cire ta ba, kuma ba zan cire ba. Sau ɗaya take yi yanzu, ta karɓi duk abin da aka ce mata. Abin da na koya shi ne, kafin ka nuna aikinka a zaure, ka ba wanda ba ya magana irin taka ya taɓa shi tukuna.