Waƙar da Na Shigo da Amaryar Mutane da Ita

Ko me zan manta na zamana a Riyadh, ba zan taɓa mantawa da wani biki da aka yi a unguwar Nasiriya ba.

A wani zauren biki nake aiki, ni ne mai kula da lasifika. Bikin Saudiyya maza daban mata daban, namiji ko leƙa ɓangaren mata ba ya yi. Don haka na'urar sautinsu tana wani ɗan ɗaki a baya, inda nake zama ni kaɗai, ba na ganin komai. Idan amarya ta shirya, Anti Maryama, 'yar Damagaram mai kula da masu hidimar mata, sai ta kira wayar aiki, ni kuma in saki zaffa, wato waƙar shigowar amarya.

Ran nan tun da rana kafil ɗina, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana, Abu Fahad, ya ja min kunne. Ya ce uban amarya mutum ne mai tsanani, duff, wato mandiri, kawai ya yarda a sa, ba ya son jin wani kiɗa. Ya tuna min cewa iƙamata, takardar izinin zamana, ta kusa ƙarewa, kuma in aka kawo masa ƙorafi ba zai sabunta ba, huruj, takardar fita ƙasar, zai buga min in koma Kano. Na ce masa kar ya damu, har da dukan ƙirji.

To ina da wata lalura. Akwai wani tsohon mawaƙin soul, Ba'amurke, da ya saki wata waƙa bayan an daina yayin disko, lokacin shi ma an fara mantawa da shi. Waƙar ba ta yi kasuwa ba, ko masoyansa ba kowa ya san ta ba. Ni a wajen kawuna na same ta, kullum faifanta yake sawa a shagonsa na gyaran rediyo a Fagge. (Wasu sun gaji gona, ni na gaji muryar wani dattijo yana marairaicewa da Turanci.)

Amarya ta daɗe ba ta fito ba, zama ya ishe ni. Na ce bari in jona wayata a na'urar, in sa abin kunne in ji waƙata sau ɗaya. Abin da na manta shi ne, makunnin da ke kai sauti zauren mata na ɗaga shi tun lokacin gwaji, ban sauke ba.

Ita kuma waƙar ba da kiɗa take farawa ba. Dattijon sai ya fara jan numfashi yana raɗa da wata murya mai kauri, sannan ganga ta shigo. Na lumshe ido, na miƙe, na ɗauki tsintsiya na mayar da ita makirufo. Wayar aiki tana ta haske a kan tebur, ni ina can ina karya wuya.

Daidai inda mutumin ke roƙo, na durƙusa a gwiwa ɗaya kamar yadda kawu ke yi. Ina buɗe ido na ga takalma a gabana. Abu Fahad ne da yayan amarya.

Wallahi ban san lokacin da na fizge wayata daga na'urar ba. Na ɗaga kiran Anti Maryama a wayar aiki.

"Malam, ka kashe mu," ta ce. "Ana rage fitilu ka saki wannan abu. Yarinya ta zaci tata ce, ta tako har tsakiyar zaure. Kakar ango tana nan tana ta a'uzubillahi."

Abu Fahad bai zage ni ba, kuma wannan ya fi tsorata ni. Ya ce in biyo shi, in ba uban amarya haƙuri da bakina. Daga ɗakin zuwa zauren maza ba nisa, amma a hanyar na gama ganin kaina a filin jirgi da jaka ɗaya. Na tuna matata da yarana, na rasa me zan ce musu. In ce rawa da tsintsiya ce ta dawo da ni?

Uban amarya yana zaune a tsakiyar dattawa, gemu fari fat. Na sunkuya na ce, "Ya Ammi," wato baffa, "ka yafe min." Ya dube ni, sannan ya tambaya a hankali.

"Ya Muhammad, me mutumin yake cewa?" (Kowane baƙo Muhammad ne a wajensu.)

Da ina da wayo da na ce ba na jin Turanci. Amma tsoro ya riga ya kwance min kai. Da guntun Larabcina na zage na yi masa bayani dalla-dalla: wani ne matarsa ta kwashe kayanta ta bar gidan, yana roƙonta ta dawo, ta ce har abada.

Mai zuba gahawa ma ya tsaya.

"Da wannan 'yata ta shiga gidan aure?"

"E, Ya Ammi."

Wani tsoho a gefe ya ja ɗankwalin kansa ya rufe baki, kafaɗunsa na girgiza. Uban amarya ya juya wajen Abu Fahad.

"Kar ka yanke masa abinci ranar farin cikin 'yata," ya ce. "Amma ka ba shi aikin da babu lasifika a ciki."

An sabunta min iƙama. Yanzu farantan shinkafa nake ɗauka, kafaɗata kuwa ta san an yi min sauyin aiki. Ango da amarya kullum suna cikin addu'ata, don in auren nan ya taɓa tangarɗa na san wanda za a tuna. Ni dai na koyi darasi: in ka yi ɓarna aka ce ka ba da haƙuri, ba da haƙurin ka yi shiru, babu wanda ya ɗauke ka aikin tafinta.