Rasuwar Shamuwa, Jirgin Bayan Gidan Silas

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda jira ya riga ya gajiyar, Malam Silas mai walda na Dundaye ke sanar da rasuwar Shamuwa, ƙaramin jirgin saman da ɗansa Godwin ya ƙera da kwanon rufi da injin ban ruwa. Ta rasu a bayan gida, inda mai ita ya ajiye ta kafin ya kama hanyar Agadas, wai zai haye teku ya ga manyan jirage da idonsa. Tun daga nan ko waya babu.

Marigayiya mai haƙuri ce. Sau ɗaya ta taɓa barin ƙasa, a filin ƙwallo, kamar taƙi guda, tana kukan nan nata, fat-fat-fat-firrr. Maƙwabcinsu Gidaɗo ya ce, "Wanga abu tsalle ya yi, ba tashi ba." Ko a jikinta.

Ta bar farfela, wadda Godwin ya koya wa ubansa cewa ita ke tura iska baya don jiki ya yi gaba. Ta bar fiffiken dama, mai ɗaukar nauyi idan iska ta bi samansa da gudu. Ɗan'uwansa na hagu ya riga ta, hadarin bara ya tsinke shi. Akwai tayoyin baro guda uku, masu karɓar ta in ta sauko, aikin da kusan ba su taɓa yi ba. Sai jela, mai juya ta dama da hagu idan matuƙi ya taka feda.

Jelar nan ce ta hana gidan sakat. Tsatsa ta cinye inji, kaji sun yi ƙwai a cikin jirgin, amma da rana tsaka, ganye ko motsi ba ya yi, sai ka ji jela ta yi ƙiii, ta karkata dama, ta koma hagu. Silas ya ɗaure ta da waya, ta ci gaba. Uwargida Monica kan bar tukunya a wuta ta je ta tsaya. Shi kuwa tsoro yake ji, ba ya ɓoyewa, don ya san nauyin ƙafar da ke taka ta haka.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Silas da kansa zai kwance ta, 'yan gwangwan su ɗauka. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida.

Iyali na roƙon masu zuwa da su yi ta'aziyyar jirgi kawai. Wanda bakinsa ya kai ga sunan Godwin, ya haɗiye abinsa. Ba a kawo wa Monica gawa ba, kuma ta ce ba ta zaman makokin mai rai.