Jawabin Rijiyar Alkalawa

Shekara tara ina ɗan jarida mai zaman kansa, ina rubuta wa ma'aikatun gwamnati rahoto da jawabi, har na fara jin ba ni da na biyu daga Isa zuwa Sabon Birni. Sai wani kansila ya ba ni aikin jawabin buɗe rijiyar burtsatse a Alkalawa, tsohon babban birnin Gobir.

Na ga zancen ruwa kaɗai ba zai nuna ilimina ba, sai na zuba tarihi. Na rubuta: "A wannan ƙasa mayaƙan jihadi suka murƙushe azzaluman Gobir." Sau uku na karanta wa kaina, ina jinjina kai.

Kansila bai duba takardar ba sai a gaban lasifika. Shi kuwa Bagobiri ne, tsagensa raɗau daga baki har kunne, haka ma dattawan da ke zaune kan tabarma. Ya karanto layin da ƙarfi, na ɓarke da tafi. Ni kaɗai.

Wani tsoho ya miƙe, ya gyara rawani. "Ranka shi daɗe, kakannin wa anka murƙushe? Namu ko naka?"

Kansila ya nuna ni da takardar. "Baba, wanga malami shi ya rubuta."

"To gaya mai, birni anka ci, ba a ci mu ba."

Daga ranar kansila bai sake nemana ba. Har yau in na sauka tashar Sabon Birni, direbobi sai su ɗaga murya: "Ku rufe ƙofar gari, jihadi ya dawo da bironai!"