Ranar da Kwamfuta Ta Tuhumi Shanun Bobbo

Jama'a, ranar Alhamis ɗin da ta wuce na wuni a tsaye ba takalmi a gaban wani akwati mai gilashi, ina jira ya ga dama. Ba laifi na yi ba. Rakiya na je.

Maƙwabcina Bobbo ne ya buga min ƙofa da hantsi. Duk wanda ya san unguwarmu ta Dogo Tebo ya san shi, dogon Bafulatanin nan da ya bar daji shekara goma sha biyu da suka wuce ya zauna a gari, yana sayen shanu yana aikawa Kudu. Ya ce tun da sassafe ya loda shanu ashirin da takwas a tirela, takardar fita kawai ake jira. Ya je ofis an ce masa yanzu sai da kwamfuta. Shi bai san da wane yare ake gaishe ta ba, ni kuwa na koyar a firamare shekara talatin, don haka a ganinsa ni da kwamfuta 'yan gida ɗaya ne.

A ƙafa muka tafi, saboda 'yan acaɓar unguwarmu suna layin mai tun ranar Talata, har wasunsu a can ake kai musu abinci.

Sunan ofishin ba zan faɗa ba, ina da iyali. Abin da zan ce kawai, a da idan ka je za ka tarar da wani dattijon akawu, Malam Yaji. Ya tambaye ka shanu nawa, ina za su, mece ce lambar mota. Kafin ka gama gaisawa da na kusa da kai ya cike takarda da biro, an kai wa babba ya sa hannu. Wannan tsohon yayi ne, kuma mun gode Allah da aka raba mu da shi. Yanzu Malam Yaji yana benci a baranda, an ƙara masa girma zuwa mai lura da takalma. Ɗakin kwamfuta an shimfiɗa masa kafet, an sa masa na'urar sanyi, ba a shiga da takalmi. A waje kuma mutum kusan ashirin ne a gindin bishiyar maina, kowa yana fifita da hularsa.

Mai kula da injin wata baiwar Allah ce, Malama Munawwara, 'yar garin Ngojin, wadda ta yi kwas ɗin kwamfuta na wata shida a Kano. Da layi ya zo kanmu wajen sha biyu, na tambaye ta ko injin ne ba shi da lafiya.

Ta ce, "Baba, inji lafiyarsa ƙalau. Abin da aka zuba masa ne bai gama nuna ba."

Ta yi min bayani yadda zan gane. Wai kowace kwamfuta tana da abin da ke tafiyar da ita, kamar direba a mota, ana ce masa manhaja. Wadda injin ya zo da ita tana aiki, babu ƙorafi. Sai shugaban ofishin ya je taro Legas, ya dawo da sabuwa a cikin kwalin ƙananan faya-fayai, ya ce a goge tsohuwar. Sabuwar kuwa masu yin ta ba su gama ba, ba ta ma shiga kasuwa ba. Rarraba ta suke yi ga masu ƙarfin hali su gwada, su rubuto musu inda take tuntuɓe. Ta nuna min can ƙasan gilashin, a kusurwa, inda aka rubuta da Turanci cewa ta gwaji ce.

Ku duba wannan hangen nesa, jama'a. Baturen da ya ƙera abin bai yarda ya ɗora aikinsa a kai ba tukuna, amma mu a Potiskum mun riga shi. Famfon layinmu rabonsa da ruwa tun sunan autata, wadda yanzu take aji biyu, amma a wannan shekara ta casa'in da biyar muna gaban Turai da wata huɗu. Wanda bai yaba ba ɗan baƙin ciki ne.

Munawwara ta buga sunan Bobbo, ta buga ashirin da takwas, ta buga lambar mota. Sai wata 'yar kwalba mai yashi ta fito a gilashin ta tsaya. Na tambaya, ta ce alama ce ta a jira. Na ce ashe har ta koyi aikin ofis. Muna nan tsaye sai inji ya yi ƙara, wani rubutu ya fito a tsakiya. A nan na yi kuskuren da har yau nake nadama: na karanta da ƙarfi, na kuma fassara.

Na ce, "Wai an aikata abin da ya saɓa wa doka, kuma za a rufe."

Bobbo ya ce, "Wa za a rufe?"

Kafin in ba shi amsa ya cire hula. "Malam, wallahi shanun nan saya na yi. Kowace da dillalinta, da shaidu. Jar nan mai karyayyen ƙaho ma a kasuwar shanu, a gaban sarkin tike, aka yi cinikinta."

Munawwara ta ce, "Baba, kwantar da hankalinka, ba da kai take ba. Da kanta take. Sau tara ke nan yau."

Ana cikin haka ƙofa ta buɗe, shugaban ofishin, Ranka Ya Daɗe Uban Ci-gaba, ya shigo, da takalminsa, da babbar rigarsa mai sitaci, ƙanshin turarensa ya riga shi isowa. Ya sunkuya ya karanta rubutun a hankali, leɓɓansa suna motsi. Sannan ya ɗago ya dubi Bobbo ta saman tabarau.

Ya ce, "Inji ba ya ƙarya. Kai, ina ka samo shanun nan?"

Bobbo ya fara lissafo sunayen dillalai tun daga Damagum. Uban Ci-gaba ya ɗaga hannu, ya ce duk a kawo su, kowa da hotonsa guda biyu. Ya juyo gare mu ya ce wannan shi ne amfanin zamani, da can ɓarawon shanu sai ya zo ya wuce ba a sani ba.

Munawwara ta yi gyaran murya. "Yallaɓai, jiya ma haka ta rubuta lokacin da nake buga jawabinka na taron ma'aikata. Sau huɗu."

Uban Ci-gaba ya gyara hannun rigarsa, ya ce wannan daban, a sake gwadawa.

Aka kashe, aka kunna. Kunnawar kaɗai ta ci lokacin da mutum zai je kasuwa ya dawo. Munawwara ta sake buga komai daga farko, wannan karon ba a tuhumi kowa ba. Saura takarda ta fito daga firinta, wato injin bugawa da ke gefe. Sai kwamfuta ta sanar da mu cewa ta ga wani baƙon abu an jona mata, ba ta san shi ba. Wata uku suna tebur ɗaya. Ta ce ba za ta yi hulɗa da shi ba sai an saka mata faifai na goma sha bakwai.

Munawwara ta zazzage kwali. Daga sha shida sai sha takwas.

Daga bakin ƙofa Malam Yaji ya ce, "Shi ne na bango."

Muka ɗaga kai. Ga hoton ranar ƙaddamarwa, Uban Ci-gaba da almakashi a hannu. A gefensa ga faifai na goma sha bakwai, an manna shi a allo don tarihi, da ƙusa ta tsakiya. Aka hau kujera aka ciro shi. Munawwara ta hura masa iska, ta yi bismillah, ta saka. Kwamfuta ta yi gurnani ta ce ba ta gane shi ba. Ban ga laifinta ba. Ni ma idan aka kafe ni a bango wata uku ba kowa zai gane ni ba.

A daidai nan Hussaini, direban tirelar Bobbo, ya faɗo ɗakin, gumi har cikin idonsa, bai ma tsaya cire takalmi ba. Ya ce farin bijimin nan ya durƙushe a cikin mota, sauran suna tattake shi. Kun san ranar bazara a garin nan, kun kuma san ƙarfen tirela. Wannan bijimi na san shi. Wata biyar Bobbo yana kiwata shi a bayan gida da dusa da harawa, da katanga ɗaya tsakaninmu, kukansa ke tada ni sallah.

Bobbo ya durƙusa a kan kafet ɗin kwamfuta. "Ranka ya daɗe, a rubuta min da hannu. Dabbobi suna cikin rana tun safe, ba ruwa."

Uban Ci-gaba ya ce ya tausaya ƙwarai, amma akwai doka a rubuce cewa duk takardar da zai sa wa hannu sai ta fito daga inji. Ya ce shi ya rubuta dokar da kansa, don haka bai kamata a ji shi ne ya fara karya ta ba. Ya dubi agogo, ya ce a ci gaba da ƙoƙari, ya tafi cin abinci.

Bobbo ya bi Hussaini da gudu. Ni na tsaya riƙe layi. Munawwara ta buɗe wani littafin makaranta ta yi rubutu. Na leƙa, ashe duk inda manhajar ta yi tuntuɓe rubutawa take, da rana da lokaci, don a aika wa masu yin ta. Ta cika shafi goma sha ɗaya. Na ce an aika? Ta ce Yallaɓai ya hana, wai za su ce mun raina kyauta.

Bayan azahar Bobbo ya dawo, hannun rigarsa duk jini. Bai zauna ba, bai dubi kowa ba. Ya ce, "A rubuta ashirin da bakwai." Mahautan bakin tasha sun ɗauki naman a yadda suka ga dama.

Malam Yaji ya daɗe yana kallonsa. Can ya tashi daga wurin takalma ya leƙo. "'Yata, dokar nan cewa ta yi takarda ta fito daga inji. Ta faɗi wanda zai rubuta?"

Munawwara ta ɗago kai daga littafinta. Sai ta ce, "Ba ta faɗa ba, Baba."

"Injin bugawar nan, idan aka sa masa takarda ta baya, zai iya turo ta ta gaba, ko sai ya nemi izinin waccan?"

"Akwai maɓalli. Shi ba ruwansa da ita."

Malam Yaji ya ɗauko takardun ofis waɗanda ba a cike ba, ya ɗora a cinya, ya fara da Bobbo, ya bi mutanen gindin maina ɗaya bayan ɗaya. Na duba agogona. Minti ashirin da biyar. Munawwara ta jera takardun ta bayan firinta. Muka koma muka tsaya kamar ba abin da ya faru.

Gab da la'asar Uban Ci-gaba ya dawo yana sakace. Munawwara ta ɗan taɓa kwamfutar da hannun dama don girmamawa, ta danna maɓallin da na hagu. Firinta ya yi ƙara, takarda ta fito. Ya ɗauka, ya nesanta ta, ya matso da ita.

"Wannan ai rubutun hannu ne."

"Sabuwar manhaja ce, Yallaɓai," in ji Munawwara. Ko ƙifta ido ba ta yi ba.

"Har ya yi kama da na Yaji."

Daga baranda Malam Yaji ya ce, "A ofishin nan ta koya, ranka ya daɗe."

Fuskar Uban Ci-gaba ta washe. Ya sa aka kira masinja da mai gadi su zo su gani. Ya ce shi dama ya sani, haƙuri kawai mutanenmu ba su da shi. Ya sa hannu a takardun nan kaf, yana yi yana tambayarmu ko mun taɓa ganin irin wannan ko a Kaduna. Muka ce ba mu taɓa ba, kuma gaskiya muka faɗa.

Tirela ta ɗaga kafin magariba, bayan an sauke shanun an shayar da su an sake lodawa. Ni da Bobbo muka tako a ƙafa har muka shiga layinmu. A ƙofar gidansa ya tsaya ya ce, "Malam, ka ce abin na gwaji ne."

Na ce haka ne.

"To su masu gwajin, an gaya musu bijimi ya mutu?"

Na ce ban jin akwai gurbin wannan a takardarsu. Ya gyaɗa kai, ya yi min godiyar rakiya, ya shiga gida. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Shekaranjiya na haɗu da Malam Yaji a wurin mai shayi. Ya ce aiki yana tafiya ba tangarɗa, ko mutum ɗaya ba ya wuni a gindin maina yanzu. Uban Ci-gaba ya rubuta wa na sama da shi cewa gwaji ya yi nasara ɗari bisa ɗari, ya ba da shawarar a saya wa kowane ofishi. Ya kuma tambayi Munawwara, tunda kwamfutar ta iya rubutun hannu, ko za ta iya koyon sa hannunsa, don ya huta da fitowa cikin zafin nan.

Na ce, "To ya ake ciki?"

Malam Yaji ya kurɓi shayi, ya goge tawadar da ke yatsunsa a gefen benci. Ya ce kwamfutar tana ƙoƙari ƙwarai, 'yar lanƙwasar ƙarshe ce kawai ta rage mata.