Rasuwar Zabuwa, Motar da Baba Bai Manta Ba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, Auta, malamar lissafi, a madadin mahaifinta da yayyenta, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsu, wadda aka fi sani da Zabuwa. Rai ya yi halinsa ranar Laraba da yamma, a kan hawan da ke bayan asibiti, bayan jinyar da marigayiyar ta jure ba tare da ta daina fita aiki ba sai a 'yan kwanakin ƙarshe.

Baba ne ya saye ta tun yana da ƙarfinsa, kafin a haifi Auta. Da girma ya zo masa aka jingine ta a bayan gida, kaji suka mayar da kujerar baya ɗakin haihuwa. Yaya Babba ya sha cewa a sayar da ita a huta. Auta ce ta hana, a shekarar da Baba ya fara mantuwa, ya koma kiran 'yarsa ta cikinsa "baiwar Allah". Ta sa aka ja motar zuwa gareji, aka sauke inji, aka yi walda, aka nemo mata turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi, daga jikin wata 'yar uwarta da ta riga ta tafiya. Mai fenti ya yi iyakar ƙoƙarinsa, launin toka ya fito da ɗigo-ɗigo, sunan ya bi ta.

Marigayiyar ba ta da saurin fushi, amma tana da ƙa'ida. Ba a tayar da ita a wuce, sai an jira ta ɗumama. Ba a kashe ta da isowa, sai an zauna ta huce, ko da an makara, ko da shugaban makaranta yana tsaye yana duba agogo. In aka taka totur takan yi shiru kamar mai shawara da zuciyarta, har mai keke ya wuce yana waiwaye. Daga nan sai ta saki wani siririn fito, fiiiii, ta manna mutum da kujera.

Wannan fiton ne ya dawo wa Auta da mahaifinta. Ranar da ta fara fita da shi yana gidan gaba, ya yi zuru, hannu a cinya kamar baƙo. Da turbo ya buɗe sai ya juyo ya ce, "Auta, sa mata giya ta uku mana, za ki shaƙe ta." Ta sa. Har ta wuce kwanar gida ba ta gani ba. Tun daga ranar, kullum ta taso daga makaranta sai sun zaga gari, yana yi mata faɗan kuloci, yana tambayarta ko ta ci abinci.

Ciwon ajali ya fara da hayaƙi shuɗi a salansa, sai shan baƙin mai fiye da kima. Bakanike ya saurari injin ya ce, "Malama, a ajiye ta har a samo kaya. In kika matsa mata, ba ruwana." Auta ta ajiye ta. Baba ya koma zama a tsakar gida yana gaishe ta da ladabi irin na wanda bai san mutum ba. Da abin ya ishe ta, ta ɗauko makulli.

A kan hawan nan Baba ya ce, "Taka ta, Auta." Ta taka. Zabuwa ta yi fiton da ba ta taɓa yin mai tsawonsa ba, sannan wani abu ya buga a ciki, hayaƙi ya rufe gilashi. Baba ya shafa gaban motar ya ce, "Kashe ta, ta gaji." Kafin motar da za ta ja ta ta iso, yana tambayar Auta ko ita ce mai motar.

Marigayiyar ta bar tayoyi huɗu masu sauran rai, da safaya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da jak, da galan na ruwan lagireto, da tabon baƙin mai a ƙofar gida wanda maƙwabta suka daina magana a kansa. Ta bar bakanike, wanda ya ce bai san da wa zai riƙa hira ba yanzu. Ta bar Yaya Babba, wanda ya zo ya tsaya a kanta ya daɗe, bai ce ai ya faɗa ba.

Gawar tana gareji an lulluɓe ta da tamfol. Masu sayen tsohon ƙarfe za su ɗauke ta ranar Asabar da hantsi, ban da sitiyari, wanda iyali suka riƙe. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida, da murya ƙasa-ƙasa, domin ba a sanar da Baba ba. Jiya ya tare Auta a tsakar gida ya ce, "Baiwar Allah, ko kin ga 'yata? Ta fita da mota, har yanzu shiru." Ta ce masa, "Tana hanya, Baba."

Ana roƙon duk wanda ya tambaya ya ba shi wannan amsar.